Fitilar da Nadim Ya Tafi Sayowa

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa matar nan da ta rubuta a ƙarƙashin labarina na makon jiya cewa, "Mijinki ya mutu, ke kuma kina nan kina kukan ƙadangare." Baiwar Allah, da farko dai ba ƙadangare ba ce, hawainiya ce, sunanta Malika. Na biyu, ranar da naki ya tafi, duk abin da ya bar miki yana numfashi a ɗaki, ko ɓera ne, sai kin yi masa shimfiɗa. Ba fata nake miki ba. Gaya miki kawai na yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Shagufta, shekarata ashirin da takwas. A aji biyar na bar makaranta, don haka mai neman gyaran rubutu ya ƙara gaba. Shekara shida na yi da Nadim a gidan mahaifiyarsa, cikin lungunan Shahdara, hayin kogi daga Lahore. Allah bai ba mu haihuwa ba. Abin da zan faɗa yau ya faru ne ana saura kwana uku in fita takaba. Ban rubuta komai a lokacin ba, daga ka nake zubo muku, amma irin wannan ba ya gogewa.

Kejin Malika yana kusurwar ɗakinmu, kusa da taga. Nadim ne ya haɗa shi da hannunsa. Raga ce ta ko'ina, tsayinsa ya kai kafaɗata, a ciki ya jera rassan gwaiba da wata shuka mai yaɗo. A samansa, daga waje, fitilu biyu ne. Ɗaya ƙwai ne zagayayye a cikin kwanon ƙarfe, can gefe guda, shi ke ba da ɗumi. Ɗayar doguwa ce siririya, haskenta fari, ba ta da zafi. In ya dawo daga masallaci da safe ya kunna su, in an yi magariba ya kashe. Yakan ce, "Shaggo, wannan murhunta ne, waccan kuma ranarta ce. Kowacce da aikinta." Ni kuma in ce, "To, Dakta," in ci gaba da murza gurasata. Wallahi ban taɓa saurarensa ba.

Ranar da ya rasu, watan Nuwamba ne, hayaƙin hunturu ya rufe gari har ba ka ganin ƙarshen lungu. Na same shi yana ɗaura takalmi.

"Ina zuwa cikin wannan hayaƙin?"

"Kasuwar tsuntsaye. Zan sayo wa Malika doguwar fitila."

"Fitilar da take ci? Ga ta can tana haske!"

"A idonki take ci."

"Wata biyu ina cewa murhun gas ɗinmu yana yoyo, ba ka ji ba. Amma abar nan ko tari ba ta yi ba, ka ji ta."

Ya yi dariya, ya yagi gefen gurasar da ke hannuna ya jefa a baki. Wannan dariyar ce ta ƙara tunzura ni. Na ce, "Je ka. In ka ga dama ma kada ka dawo."

A kan gada, a hanyarsa ta dawowa, wata babbar mota ba ta ga babur ɗinsa ba.

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan maganar ba, ko Ammi, uwar mijina, ba ta sani ba. Yau na faɗa muku. Mai zagi ya zaga, ba zai kai wanda nake yi wa kaina ba.

Takabata Ammi ce ta tsara ta. Ta cire min awarwaro, ta ba ni farare guda uku, ta rataye labule mai kauri tsakanin falo da ƙofar ɗakina. Sannan ta kulle ƙofar hawa saman soro, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta, saboda mazan unguwarmu duk a saman soro suke wuni suna wasa da tattabaru. "Ba za a ce an hangi matar ɗana a sama tana shan iska ba, kabarinsa bai bushe ba." Da can, duk safiyar da rana ta fito, Nadim kan ɗora Malika a reshe ya hau da ita sama. Da aka kulle ƙofar sai na ja kejin na manna shi da gilashin taga. Na ce ai rana rana ce.

Fitilun kuwa ban bar kowa ya taɓa su ba. Hannunsa ne ya ɗaura su. Kullum ina kunnawa, ina kashewa, a lokutan da yake yi. Nan ne kaɗai nake jin kamar ban saɓa masa ba.

Tun wata na uku Malika ta fara canjawa. Da, in na saki gyare a kejin, kafin ya yi tsalle biyu harshenta ya ɗauke shi. Sai harshen ya koma fitowa rabi ya faɗi. Ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe kamar mariƙin ludayi. Koren nan nata mai ɗigon rawaya ya dushe, ta koma kalar tsumma. Sau biyu na ji "tim" ina wanke-wanke, na zo na same ta a ƙasan keji tana laluben reshe.

Ammi ta leƙo ta ce, "Alhaki ne. Ita ta fitar min da ɗa cikin hayaƙi. Ki bar ta ta bi shi."

Yanzu bari in kawo muku Imtiyaz. Ɗan ƙanwar Ammi ne, Khala yake ce mata, wato 'yar'uwar uwa, yana da shagon kayan lantarki a bakin titi, shekararsa ta kusa arba'in, matarsa ta fari ta tafi ba ta waiwayo ba. Tun sati biyu da rasuwa wayoyin lantarkin gidanmu suka fara "lalacewa." Kullum da hantsi yana falo. Ta gefen labule nake hango shi: farar riga da wando sun sha sitati har suna ƙara, gashi ya sha baƙin rini, waya biyu a hannu, abin gwada wuta a aljihun gaba kamar alƙalami. Turarensa kan riga shi shigowa, ya kuma kwana bayan ya tafi.

Da baki "Bhabhi" yake ce min, matar ɗan'uwa, don ya san ba a neman mace cikin takaba. Amma a waya fure yake turo min. Jan fure da raɓa a kai, a ƙasa an rubuta falalar wanda ya riƙi matar mamaci. Sai kuma, "Bhabhi, kin ci abinci?" Sai, "Bhabhi, wace kala kika fi so? Tambaya ce kawai." Ban taɓa amsa ko ɗaya ba.

Ammi kuwa ba ta ɓoye-ɓoye. Tana tsince shinkafa ta ce, "Gidan nan yana bukatar namiji. Ni gwiwoyina sun gama aiki. Yayanki na Gujranwala ɗaki biyu gare shi da 'ya'ya biyar. Ina za ki? Imtiyaz jinina ne, zai dawo nan, ke ba ki fita ba, ni ban wulaƙanta ba."

"Ammi ji, ko takabar ban gama ba." Wannan "ji" ɗin girmamawa ce a wurinmu.

"Ai ban ce gobe ba. Cewa na yi ki buɗe idonki."

To, ranar da ake saura kwana uku, ina kicin ina soya albasa, na ji Ammi tana cewa, "Shiga, ɗana, tana kicin." Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka soket ɗin fanka zai duba. Na gama miya, na dafa musu shayi, na tura tiren ta ƙarƙashin labule. Sai da na shiga ɗaki zafi ya buge ni a fuska.

Ya cire kwanon ɗumin da Nadim ya ɗora. Ya huda ragar sama, ya zura waya, ya rataye wani ƙaton ƙwai a cikin kejin, tsirara, irin wanda masu gasa kaji ke kunnawa a bakin titi. Ganyen da ke kusa da shi har sun naɗe. Malika, da ba ta san komai ba sai neman ɗumi, ta ja jikinta ta hau har ƙarƙashinsa. Na same ta baki a wangame, ta yi baƙi ƙirin, a gadon bayanta wani tabo fari-fari kamar an ɗora mata guga.

Na fizge wayar daga bango. Na naɗe ƙwan da gefen mayafina, ya ƙona ni ban ji ba, na ɗaga labule na wurga shi tsakiyar falo. Ya tarwatse kusa da takalminsa mai sheƙi.

"Wa ya aike ka?"

"Shagufta!" in ji Ammi. "Koma bayan labule! Ba ki da kunya?"

Na koma, amma bakina bai koma ba. "Na ce wa ya aike ka ɗakina?"

"Haba, Bhabhi," in ji shi, yana kaɗe wando. "Taimako na yi. Khala ta ce dabbar ba ta da lafiya, na ga sanyi ne. Wancan ɗan ƙwan na Nadim ko shayi ba zai ɗumama ba. Wannan nawa wat ɗari biyu ne, na waje. Shekara ashirin ina sana'ar nan. Wuta wuta ce."

"To ka je ka rataya shi a kan gadonka ka kwana a ƙarƙashi, mu ga ko wuta wuta ce."

"Kin ji ko, Khala? A kan ƙadangare."

"Hawainiya ce. Kuma ta fi ka sanin inda ba a son ta."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta cikin hanci. "Ba komai. Mai takaba ba a kama ta da laifi. Ni dai shawara ce, akwai masu saye a kasuwa, ko a mace suna karɓa. Gidan da za a yi sabuwar rayuwa ba a ajiye tsohon ciwo."

Na ji Ammi ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗana, sha shayinka."

Na mayar da kwanon Nadim inda yake, na fesa wa Malika ruwa, na zauna a ƙasa. A nan na yi abin da na kasa yi wata huɗu. Na buɗe durowa na ɗauko wayar Nadim, wadda aka dawo da ita daga asibiti gilashinta a tsage. Na sa mata caji. Cikin sunaye na ga wani an rubuta "Kashif Fitila." Na ɗauki hoton Malika na tura masa, na danna na yi magana, tunda rubutuna ba ya sauri: "Ni ce matar Nadim. Ba ta da lafiya."

Ko minti biyar ba a yi ba saƙon murya ya shigo. Murya ce mai kaushi, a bayanta aku suna ta ihu. Baji ya kira ni, wato 'yar'uwa, Nadim kuma Bhai, ɗan'uwa.

"Baji, Allah ya ji ƙan Nadim Bhai. Amma wa ya yi wa dabbar nan haka? Wannan ai kisa ne. Ƙunar baya daban, ƙafafun daban. Duba ƙarshen doguwar fitilar, yakan rubuta kwanan wata da baƙin alƙalami. Karanto min."

Na hau kujera na leƙa. Rubutunsa ne, ƙanana, a karkace. Shekara biyu ina goge ƙurar wurin ban taɓa tambayar mene ne ba. Na ce, "Biyar da biyar."

"Biyar ga Mayu! Yau muna Maris. Baji, wata goma ke nan! Wannan fitilar ta mutu tun kafin mijinki."

"Ƙarya ne. Ga ta tana ci."

"Ci daban, aiki daban. Akwai wani haske a cikinta da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin rana. Shi ke sa abin da ta ci ya zama ƙashi. Irin wadda nake sayarwa, bayan wata shida wannan hasken ya ƙare, sai farin banza ya rage. Ko buhu guda na garin ƙarin ƙashi kika barbaɗa wa gyarenta, in babu hasken nan, a banza. Jikinta cin ƙashinta yake yi. Ba kya kai ta rana?"

"Tana jikin taga."

"A buɗe ko a rufe?"

"A rufe. Ana sanyi."

Sai da ya ja tsaki a cikin saƙon. "Gilashi tare shi yake yi! Ɗumi ya wuce, shi ya tsaya a waje. Wata huɗu kina ba ta hoton rana. Nadim Bhai bai gaya miki ba?"

Ya gaya min. Sau ɗari ya gaya min. Ni ce nake murza gurasa.

Na kife wayar a cinyata. Da alama ya gane, don saƙon da ya biyo baya muryarsa ta sauka. Ya ce ƙwan ɗumi kullum daga waje yake zama, a gefe ɗaya, don ta samu wurin gudu in zafi ya ishe ta. In sa bayan hannuna a reshen da ke ƙarƙashinsa, in na kasa daurewa, ita ma ba za ta daure ba. Ya ce ƙafar da ta lanƙwashe ba ta miƙewa, amma in haɓarta ba ta yi laushi ba tukuna, ana iya tsayar da ciwon, kuma dole likitan dabbobi ya ga ƙunar. Ya ce kafin nan in kai ta ranar Allah, ba ta bayan gilashi ba, rabin awa da hantsi, da inuwa a kusa.

Na ce, "To ka aiko min da sabuwar fitilar."

"Babu, Baji. Kayan suna tashar jirgin ruwa a Karachi, sai bayan sati uku, in an yi sa'a. Na bincika wa wani jiya, duk kasuwar babu. Ita kuma ba ta da sati uku. Amma ina wadda na ba Nadim Bhai? Ita ce ta ƙarshe a shagona. A cikin bututun ruwa na roba na zura masa ita, na toshe baki biyu, saboda babur. Wannan ko mota ta bi ta kai..." Sai ya yi gyaran murya. "Ki yafe ni, Baji. Bakina ne. Ina nufin ba ta fashe ba. Wa ya karɓo kayansa?"

Imtiyaz ne ya karɓo kayansa. Leda ɗaya ya miƙa wa Ammi: waya, agogo, da takalmi ƙafa ɗaya.

Na je na durƙusa gaban Ammi na roƙi makullin sama. Rabin awa kawai, zan rufe fuskata. Ta damƙe bakin mayafinta ta ce, "Wata huɗu da sati ɗaya kin daure, kwana uku ne za su gagare ki? Ba za ki zubar min da mutunci a ƙofar gida ba." Na buɗe tagar ɗaki gaba ɗaya, amma bangon maƙwabta ya tsaya mana a gaba. Ranar da ke shigowa ba ta wuce ta shan kofin shayi ɗaya ba. Kwana ukun nan da cokali nake ɗiga wa Malika ruwa a baki. Kowace safiya sai na taɓa haɓarta da ɗan yatsa.

Ranar fita takaba, yayana bai zo ba. Saƙo ya turo: "Shaggo, ki yi haƙuri, aiki. Na ji maganar Imtiyaz. Ki karɓa, rufin asiri ne." Da hantsi sai ga Imtiyaz da mahaifiyarsa, Khala Parwin, da kwalin alawar madara da wata leda mai sheƙi. Ammi ta sauke labulen da hannunta. Khala ta zazzage ledar a kan gado: riga da wando ruwan hoda, an yi musu aikin zare mai ƙyalli a wuya, da awarwaron gilashi dozin biyu.

"Je ki sa, 'yata, mu gani. Fari ya ishe ki haka, kin zama kamar alli."

Ban taɓa su ba. Na zauna da farin da ke jikina, na dubi Imtiyaz ido cikin ido, karo na farko.

"Imtiyaz Bhai, ranar da ka karɓo kayan Nadim, ba a ba ka wani bututun roba ba? Dogo, an toshe bakinsa?"

Ya tsaya da alawa a hannu. "Bututu? Oho, wannan! Yana shago, bayan ƙofa. Na buɗe na ga 'yar siririyar fitila ce, ba ta shiga kowane gida. Na ce me za a yi da ita."

"Ta Malika ce. Ita ya tafi sayowa."

"To ai ban sani ba."

"Kullum kana falon nan. Ka ga doguwar fitila a kan keji kwana uku da suka wuce, har ka ture ta ka huda raga. Mai shekara ashirin a sana'a bai gane 'yar'uwarta ba?"

Khala ta ce, "Ikon Allah! Yau ranar farin ciki, ana maganar bututu?"

Shi kuwa ya jingina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi murmushi. "Abu mai sauƙi, Shagufta." Kun ji, Bhabhi ta faɗi a hanya. "Ki faɗi kalmar da za ta faranta wa tsofaffin nan rai, kafin la'asar fitila tana kan keji. Ni da kaina zan ɗaura. Kin ga kowa ya samu abin da yake so."

Na dubi Ammi. Ba ni take kallo ba, shi take kallo, kofin shayi a tsaye a hannunta.

Na tashi na je gabanta, na kama bakin mayafinta, na kwance ƙullin. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma taimake ni ba.

"Takaba ta ƙare da asuba, Ammi ji."

Na shiga ɗaki na ɗora Malika a kan reshen gwaiba, na tallafe ta da tafin hannuna don ba ta iya riƙewa. Na bi ta gabansu. Khala ta ja ƙafafunta sama tana a'uziyya.

"Ki yi tunani," in ji Imtiyaz a bayana. "Babu irinta a kasuwa, na tambaya."

Ashe har ya tambaya. Ku riƙe wannan.

Matakala goma sha bakwai ce. Ƙofar ta cije, sai da na sa kafaɗa. Rana ta dake ni har idona ya rufe. Mazan tattabaru suna nan a soraye, kowa da sandarsa mai tsumma a kai. Suka tsaya suna kallon mace cikin farare riƙe da hawainiya. Su kalla. Na zauna a gefen tankin ruwa, inda inuwa take kusa, na ɗora reshen a cinyata.

Da farko ba ta motsa ba. Sai ido ɗaya ya juya sama. A hankali ta karkata, ta ba rana gefen jikinta, ta baje haƙarƙarinta ta zama kamar ganye. Haka take yi a hannun Nadim, na sha gani daga bakin matakala ina kiransa ya sauko abinci zai huce. Can wajen wuyanta wani ɗan kore ya fara dawowa, bai fi girman farce ba. Ƙafarta ta lalubo ɗan yatsana ta riƙe. Riƙon ba ƙarfi. Amma riƙo ne.

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Ban san tsawon lokacin ba, sai na ji numfashi a matakala, da ƙarar sanda. Ammi ce. Shekara uku rabonta da hawa sama. Ta iso tana haki, ta dafa bango, ta ƙi kallona.

"Wata huɗu," in ji ta, "ina kwana da takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin matashi. Ashe abin da ɗana ya riƙe na ƙarshe yana bayan ƙofar shago, tare da tsintsiya." Ta share baki da mayafi. "Na ce wa Imtiyaz ya je ya ɗauko. Kada ki yi murna. Ba don ke ba, ba don wannan abar ba. Kayan ɗana ne. Maganar aure kuma tana nan, ranar Juma'a ina son amsa."

"Na ji, Ammi ji."

"Kin iya jin magana ne, da ba mu zo nan ba."

Sai wayata ta yi ƙara. Imtiyaz. Hoto ne ya fara shigowa: bututun a buɗe, fitilar tsirara, ya ɗora ta a kan tankin babur ɗinsa, ba ɗauri. Sai saƙon murya. Na so in kai kunne in ji ni kaɗai. Sai na fasa, na ƙure ƙarar, na miƙa wayar tsakanina da Ammi.

"Shagufta, ga ta na ɗauko. Amma gilashi ce fa, kin kuma san hanyarmu duk ramuka. Tsohuwa ba ta san waɗannan abubuwan ba, mu bar ta a gefe. Ke za ki gaya min: in taho a hankali, ko in yi sauri?"

Tattabaru suka wuce ta kanmu. Ammi ta ce, "Sake kunnawa." Na sake. Ta saurara har ƙarshe.

"Tsohuwa," ta maimaita. Ta gyara riƙon sandarta. Sannan, karo na farko tun da aka kawo Malika gidan nan, ta sunkuya ta dube ta sosai, ta ga bakinta ya fara buɗewa.

"Ke, ba ki gani ba ne? Zafi ya ishe ta. Matsar da ita inuwa, kada ki gasa min kayan ɗana. Ki mayar da ita keji, ki ɗauko min takalmina da baƙin mayafi. Kada ki amsa masa komai."

"Ina za mu?"

"Shago. In ya fasa ta, a gaban idona zai fasa, da duk 'yan layinsu suna kallo."

Wata huɗu da kwana goma ƙafata ba ta taka ƙofar gida ba. Kullum ina tunanin ranar da zan fita, kabarin Nadim zan fara zuwa in nemi gafarar maganar da na yi masa. Ga shi na fito da farin takaba a jikina, Ammi ta damƙe hannuna har farcenta yana shiga fatata, Khala Parwin tana ƙwala mana kira daga falo, mu kuma mun nufi bakin titi, karɓo fitilar da ya tafi sayowa.